Ina Za Ka Kai Takardar IT Ɗinka: Ma'aikata, Babban Kamfani Ko Shagon Gwani?

Ƙanina ne ya shigo mini bayan sallar isha da ambulan uku a hannu, ya zube su a kan darduma ya ce, "Yaya, ka zaɓar mini, kaina ya ɗau zafi." Yana aji huɗu a sashen injiniyan lantarki, lokacin fita koyon sanin makamar aiki ya zo, wato abin nan da ɗalibai ke kira IT, a takarda kuma a rubuta SIWES. Wuri uku suka amsa masa. Akwai wata ma'aikatar jiha da ko a ƙafa zai iya zuwa daga gida. Akwai masana'antar robobi a Sharaɗa. Sai wani mai haɗa wutar sola, shagonsa bai wuce ɗaki biyu ba, yaransa biyar. Ban zaɓar masa a daren ba, don ni ma da aka zaɓar mini a zamanina ban ji daɗin abin da ya biyo baya ba. Amma mun kai sha biyun dare muna auna wuraren nan, kuma duk shekara ɗalibai da yawa ne ke tsayawa a wannan mararraba.

Shirin ya daɗe. Asusun horar da ma'aikata na ITF, wanda aka kafa a 1971 kuma hedikwatarsa ke Jos, shi ya ƙirƙiro SIWES a 1973, saboda masu masana'antu suna kukan ana yaye musu ɗalibai masu takarda waɗanda hannunsu bai taɓa riƙe sufana ba. Ɗalibin jami'a yakan yi wata shida, a aji uku in kwas ɗinsa na shekara huɗu ne, a aji huɗu in na shekara biyar ne irin injiniyanci. Ɗan foliteknik yakan yi wata huɗu bayan shekarar farko ta difloma, sannan ya yi shekara guda cur bayan ya gama, kafin ya koma babbar difloma. Za a ba ka logbuk ka riƙa rubuta abin da ka yi kullum, mai kula da kai a wurin aiki ya sa hannu duk mako, malami ya zo daga makaranta ya duba ka, ofishin ITF na yankin ya buga hatimi, ka dawo ka rubuta rahoto ka kare shi a gaban malamai. Makinsa yana da nauyi, kuma yawancin ɗalibai makin kawai suke hange. To amma makin nan kusan ko'ina ka je za ka same shi. Abin da ke raba wuri da wuri shi ne abin da zai rage a hannunka da kanka bayan an rufe logbuk.

Ma'aikatar gwamnati

Bari in fara da ita, don ita na sani ciki da bai. Kawuna ne ya kai takardata wata ma'aikata, ya ce wa wani darakta abokinsa, "Ga ɗanka nan." Ranar farko aka nuna mini benci a bakin ofishin injiniyoyi. A kan bencin nan na ƙare wata shida. Mu bakwai ne 'yan IT daga makarantu daban-daban. Ƙarfe tara muke zuwa, ma'aikata su fara shigowa wajen goma, a aiki ɗayanmu sayo waina da miyar taushe, a aiki wani ya kai fayil hawa na biyu. Ana sallar azahar ofis ya watse. Ranar Juma'a sai mu haɗa kai mu buɗe littafin makaranta mu kwafi abin da za mu cika logbuk da shi, mu kai wa Yallaɓai, ya sa hannu ba tare da ya ɗaga shafin farko ba. Na sami maki mai kyau. Amma ranar da na je neman aiki aka miƙo mini mitar gwada wuta, juya ta na yi ta yi a hannu kamar baƙauye ya tsinci agogo.

Duk da haka ba zan yi wa gwamnati kuɗin goro ba. Akwai ofishin fayil, akwai hukumar da ke da aikin hannu, kuma tsakaninsu akwai nisa. Ɗalibin ilimin sinadarai ko na ƙananan halittu da aka kai matatar ruwa ta Tamburawa zai ga yadda ake ɗebo ruwan kogi ja wur, a sa masa alam, a tace, a sa sinadarin kashe ƙwayoyin cuta, a gwada shi a ɗakin gwaje-gwaje. Ɗan injiniyan lantarki da ya samu shiga tashar rarraba wuta ta Kumbotso ko ta Mando a Kaduna zai tsaya kusa da taransifomar da a aji zanenta kawai yake gani. Ɗan aikin gona ko injiniyan ruwa da ya faɗa hukumar raya kogunan Haɗeja da Jama'are zai ga yadda ruwan madatsar Tiga ke bin magudanai har gonakin Kadawa. Ɗan aikin jarida kuwa gidan rediyon jiha ya fi masa wurare da yawa, don a can hannu ya yi ƙaranci, kafin wata biyu an tura shi ɗauko rahoto. Duk waɗannan na gwamnati ne, amma ba benci ba ne.

A wannan layin ne cibiyoyin bincike suke, kuma Arewa ba ta rasa su ba. Zariya kaɗai tana da cibiyar binciken aikin gona ta IAR a Samaru, da ta dabbobi ta NAPRI a Shika, da ta fasahar sinadarai ta NARICT a Basawa. Ga ta lafiyar dabbobi a Vom kusa da Jos, ga ta binciken Tafkin Chadi a Maiduguri, ga reshen cibiyar binciken aikin gona ta ƙasa da ƙasa, IITA, a Kano. Wanda ke da niyyar digiri na biyu, ko yake son ya zama malamin jami'a, nan ne wurinsa. Zai koyi ɗaukar samfur, da rubuta sakamako yadda wani zai iya bibiya, da haƙurin jiran gwajin da ke cin mako uku. Sau da yawa ma daga nan ɗalibi ke samo maudu'in furojet ɗinsa na aji ƙarshe.

Abin da ma'aikata ta fi sauran da shi a fili yake: shiga ba wuya, kusa da gida, tashi da wuri, kuma babu mai ce maka hatiminta ba ya aiki. Za ka kuma ga yadda takarda ke yawo daga tebur zuwa tebur, ilimin da zai yi maka rana in ka zama ɗan kwangila ko ma'aikaci. Sai dai kada wani ya ruɗe ka da cewa in ka yi IT a can za a riƙe ka aiki. Darakta ba shi da wannan ikon. Ɗaukar ma'aikacin gwamnati ta hannun hukumar ɗaukar ma'aikata yake bi, in an buɗe ƙofa, kuma an san yadda ƙofar take buɗuwa.

Babban kamfani

Wannan shi ne burin kowa, kuma da dalili. Sunan babban kamfani a takardar neman aiki yana sa mai dubawa ya ɗan dakata. A can ne za ka ga aiki mai tsari: ba a kunna inji sai an cike takarda, ba a shiga fili sai da hular kwano da takalmin kariya, kowane gyara yana da ranarsa a jadawali ko injin bai lalace ba. Wannan tarbiyya ce da ba a samun ta a gareji. Yawancinsu kuma suna ba da ɗan alawus a ƙarshen wata, wasu har da abincin rana da motar ma'aikata.

Matsalar farko ita ce guraben sun yi kaɗan, musamman a Arewa. Iyayenmu sun yi zamanin da Kakuri ke cike da masaƙu, tun daga KTL da aka buɗe a 1957 har su UNTL da Arewa Textiles, Bompai da Sharaɗa da Challawa kuma suna ta hayaƙi dare da rana. Yawancin masaƙun nan sun rufe, matatar mai ta Kaduna ta shekara da shekaru ba ta tace mai yadda ya kamata, su kuwa jami'o'i sai ƙaruwa suke yi. Abin da ya rage ana rububinsa: siminti a Kalambaina ta Sakkwato da Ashaka ta Gombe da Obajana ta Kogi, sukari a Numan, injinan casar shinkafa na Kano da Argungu da Birnin Kebbi, majemu da kamfanonin robobi na Kano, kamfanin haɗa motoci na PAN a Kaduna, kamfanonin rarraba wuta irin KEDCO, sai kamfanonin waya da bankuna. Manyan kamfanonin mai da gas suna can Legas da Fatakwal da Bonny, kuma sukan tallata gurabensu a intanet tun da sauran watanni, wasu har da jarrabawa. Wanda ya jira sai makaranta ta miƙa masa takarda sannan ya fara yawo, ya tarar an cinye kasuwa.

Matsala ta biyu ba a cika faɗarta ba. A babban kamfani injin layi guda zai iya fin kuɗin unguwa, saboda haka babu mai barin ɗalibi ya taɓa shi. Abin da za ka fi ji shi ne "tsaya nan ka kalla". Wani za a ajiye shi a sashe guda, ya shafe wata shida yana rubuta lambar da ke kan agogon inji duk bayan awa. Ya ga abu da yawa da ido, hannunsa bai yi komai ba. Maganin wannan shi ne ka nemi a riƙa zagayawa da kai sassa, kuma ka liƙe wa masu gyara. A kowace masana'anta akwai wani dattijon makaniki ko mai aikin wuta da ba shi da digiri amma daga jin ƙarar inji ya san abin da ke damunsa. Ka gaishe shi da ladabi, ka riƙe masa akwatin kayan aiki, ka ce, "Baba, me ya sa ka fara duba nan?" A wurinsa karatun yake. Injiniya mai ofis da na'urar sanyaya ɗaki sa hannu kawai zai yi maka.

Sai zancen riƙewa aiki. Yana faruwa, amma ba kamar yadda ake zato ba. Manyan kamfanoni suna da ƙofarsu ta ɗaukar sababbin masu digiri, yawanci da sharaɗin sakamako mai daraja ta 2.1 da iyakar shekarun haihuwa, abin da ke cutar ɗaliban jami'o'in gwamnati da yajin aikin ASUU ya cinye wa wata tara a 2020 da wata takwas a 2022. IT ba ya tsallakar da kai wannan ƙofar. Abin da yake ba ka shi ne wani na ciki da ya san aikinka, wanda zai kira ka ranar da aka buɗe, ko ya nemi a turo ka wurinsu in ka fita bautar ƙasa.

Shagon gwani da ƙaramin kamfani

Nan ne na fi so mu daɗe, don nan ne aka fi rainawa. Ina nufin mai haɗa sola, da masu ƙere-ƙere irin na Panteka a Kaduna, da masu gyaran waya da kwamfuta na Farm Centre a Kano, da ɗan kwangilar da ke gina bene guda, da gonar kaji ko ta kifi, da ɗakin gwajin jini mai zaman kansa, da ƙaramin kamfanin rubuta manhaja mai mutum takwas. A irin waɗannan wurare babu benci, don babu wanda ke da sararin ajiye mutum yana kallo. Ranar farko za ka ɗauki tsani. Mako na biyu an ba ka filaya. Kafin wata uku, in kana da kai, Oga zai tura ka aiki kai da yaro guda ya ce in ka gama ka kira shi.

Akwai kuma wani karatu da ba a yin sa a manyan wurare, wato na kuɗi da mutane. Za ka ga yadda ake yi wa aiki farashi, yadda ake cinikin kaya a Sabon Gari ko Ƙofar Ruwa, yadda ake gane batir na jabu, yadda ake lallashin mai gidan da ya kira da tsakar dare yana faɗa wutarsa ta ɗauke, yadda ake bin bashin Alhajin da kullum "yana Abuja". A ƙasar da aikin albashi ya zama sai mai dogon hannu, wannan ilimin shi ne jarin da mutum zai buɗe nasa da shi. Harkar sola ma kaɗai ta isa misali: tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, janareta ya gagari mutane da yawa, masu shaguna da asibitoci da makarantu suka koma neman faranti da batir, kuma masu iya haɗawa da kyau ba su wadata ba.

To amma kowane allazi da nasa amanu. Na farko, ba kowane shago makaranta ke amincewa da shi ba. Kafin ka fara, ka je wurin jami'in SIWES na sashenku ka faɗa masa sunan wurin da irin aikinsu. A tabbata suna da rajista, suna da takarda mai ɗauke da sunansu da hatimi, kuma akwai wanda ya cancanci sa hannu a logbuk. Na san wanda ya yi wata huɗu yana aiki tuƙuru, malami ya zo dubawa ya ce wannan ba wurin IT ba ne, ya koma ya faro daga farko.

Na biyu, gwani yakan koya maka gwanintarsa haɗe da kurakuransa. Akwai mai aikin wutar da bai yarda da wayar kariya da ake binnewa a ƙasa ba, akwai mai sa siririyar waya inda ake buƙatar mai kauri don ya rage kuɗi, akwai magini da ke auna siminti da ido. In ka tambaya ya ce, "Shekara ashirin muna yi haka, ba abin da ya faru." A nan ne karatunka na aji zai yi aiki. Ka koyi hannunsa, ka riƙe lissafinka, kuma ba a gaban mai gida ake gyara wa Oga kuskure ba.

Na uku, kariya. Ƙaramin wuri ba ya ba da hula ko takalmi, kuma in ka faɗo daga rufin kwano, "sannu" ce da kuɗin allura. Ka sayi takalminka da safar hannu, ka ƙi hawa inda ranka bai kwanta ba. Na huɗu, akwai masu mai da ɗan IT bawan gida: wankin mota, kai yara makaranta, cefane. Aike ɗaya biyu ba laifi, ladabi ne, kowane mai koyo ya yi shi. In ya zama shi ne aikin, ka nemi canji tun wata na farko. Wasu kuma, musamman cibiyoyin koyar da kwamfuta, kuɗi za su ce ka biya. In darasi ne na gaske mai malami da jadawali, a duba a gani ko ya ci kuɗinsa. In kuɗin hatimi ne kawai, ka san abin da ka saya.

Akwai na biyar da ba a rubuta shi a ko'ina, shi ne surutun mutane. Ɗan jami'a da kaya duk baƙin mai, a bayan a-kori-kura da tsani, unguwa sai ta yi magana. Mahaifinmu da kansa ya ce wa ƙanina, "Shekara huɗu kana jami'a don ka koma yaron mai sola?" Wanda bai shirya wa wannan ba, zai gudu a mako na uku.

Masu karatun kwamfuta suna da wata hanya ta huɗu, wato aiki daga gida da wani kamfani na Legas ko na waje. Yana yiwuwa, kuma wanda ya dace yakan fi kowa samun kuɗi. Amma yana son wuta, da data, da mutumin da zai iya tsare kansa ba mai tsaye a kansa, sannan makaranta tana son adireshin da malami zai je ya same ka. Dabarar da na ga ta fi ita ce mutum ya yi rajista da wata cibiyar fasaha ta garinsu, irin CoLab a Kaduna ko nHub a Jos, ya riƙa zama a can cikin masu irin aikinsa, duk abin da ya gina kuma ya ajiye shi a GitHub, shafin intanet da masu rubuta manhaja ke ajiye aikinsu, inda mai ɗaukar aiki zai gani da idonsa. Shi kuwa mai niyyar kwanciya a gida ya sayi hatimi a ƙarshe, ba da shi nake ba.

Lissafin aljihu

Kada ka sa alawus ɗin da ITF ke biyan 'yan IT a lissafi. Shekara da shekaru alawus ɗin yana kan naira 2,500 a wata, wato 15,000 na wata shida, kuma sau da yawa sai an gama an koma makaranta, wani ma har ya kammala, kafin ya shigo. A ƙasar da mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 a 2024, ka san wannan ko kuɗin mota bai kai ba.

Saboda haka ka zauna da biro. A ce zuwa da dawowa Sharaɗa zai ci maka naira 1,500 a rana, kwana 22 a wata, ka ga 33,000 ke nan, ba a yi zancen abincin rana ba. In kamfanin zai ba ka 30,000, kai ne ke ciko. Ma'aikatar da ke bayan gida ba ta ba ka ko sisi, amma ba ta ci maka ko sisi. Mai sola ba shi da albashi, sai dai duk ranar da aka fita aiki akwai abinci da ɗan na sabulu, wata rana ya fi alawus ɗin kamfani, wani makon kuma shiru. Tafiya Legas ko Fatakwal kuwa, in ba ka da ɗan'uwan da zai ba ka wurin kwana, kuɗin ɗaki kaɗai zai haɗiye duk abin da za a ba ka. In gida ba su da hali, babu abin kunya a zaɓar na kusa. Sai dai a cikin na kusan a nemi mai aikin hannu.

Ga ɗalibai mata lissafin yana da ƙarin layi. Da yawa iyaye ba za su bar su kwana wani gari ba, kuma masana'anta mai aikin dare ba ta yiwuwa. Wannan ne ke tura mata da yawa benci ko da suna son aiki. Amma tsakanin benci da rufin kwano akwai wurare: ɗakin gwaje-gwaje na asibitin koyarwa irin na Malam Aminu Kano ko na Shika, sashen duba ingancin kaya a kamfanin abinci ko na ruwan roba, ofishin masu zanen gine-gine, cibiyoyin binciken da na ambata. Wadda za ta shiga cikin injina ta tanadi hijabi gajere da za ta cusa cikin rigar aiki, don inji mai juyawa ba ya wasa da mayafi. Kuma tun kafin ta fara, ta tambayi matan da suka riga ta yin IT a wurin yadda mazan ofishin suke. In wani ya fara zancen banza yana haɗawa da sa hannu a logbuk, ta kai maganar ga jami'in SIWES na makaranta da wuri, ana canja wuri.

Yadda za ka gane wurin kafin ka sa ƙafa

Sunan da ke kan ƙofa ba ya gaya maka komai. Ka je wurin da kanka ranar Talata ko Laraba wajen sha ɗaya na safe, ka nemi 'yan IT ɗin da ke can. Ka dubi hannunsu da abin da ke gabansu. In ka tarar da su a jere kowa na latsa waya, ka ga gobenka. Ka ja ɗaya gefe ka ce, "Ɗan'uwa, jiya me ka yi?" In ya yi shiru yana tunani, ya ba ka amsa. Sannan ka tambayi sunan wanda zai kula da kai, ka gan shi ido da ido. Mutum guda mai son koyarwa a ma'aikatar da ta mutu ya fi babban kamfanin da aka jefa ka sashen da ba mai kula ka.

Ka kuma dubi inda ka dosa. Mai son aikin kamfani da hawa matakai, sunan babban wuri da tarbiyyarsa za su yi masa amfani. Mai son koyarwa da bincike ya nufi cibiya. Wanda ya san a ransa cewa bayan bautar ƙasa, in alawus ɗin nan na naira 77,000 ya tsaya, babu kawun da zai kai takardarsa ko'ina, ya nemi inda zai fito da sana'a a hannu. Wasu makarantun suna yarda a raba, wata uku nan wata uku can, in an nemi izini tun farko. In taku ta yarda, ka fara da babban wuri ka ga tsari, ka ƙare da ƙarami ka yi aiki. Ko'ina ka je, kada ka tafi ba ka karɓi takardar shaida mai bayyana ainihin abin da ka yi ba, da lambar wayar wanda ya koya maka. Ka riƙa gaishe shi da salla, ba sai ranar da kake neman alfarma ba.

Ƙanina ya je Sharaɗa ranar Laraba, ya tarar 'yan IT tara a ɗakin masu gadi suna jiran a zo a raba su sassa, mako na uku ke nan. Ya wuce wurin mai sola, ya tarar ba kowa sai yaro guda, duk sun fita aiki Hotoro. Ya kai wa jami'in sashensu takardun shagon, aka duba aka ce ya je.

A mako na biyar ya dawo gida da magariba, wuyansa ya ƙone da rana, ya zauna ko takalmi bai cire ba. Wai Oga ya ba shi lissafin batiran wani ƙaramin asibiti, ya yi ya kawo, Oga ya duba ya ce, "Injiniya, firjin allurar ka manta da shi, ko da daddare kashe shi za su riƙa yi?" Ya sake lissafin a tsaye a bakin mota, yaran shago suna ta dariya. Tun ranar suke kiransa Injiniya Firji. Ya ce in ara masa dubu biyar zai sayi tasa mitar, don ta shago layi ake yi mata.

Baba kuwa har yanzu in abokansa suka tambaye shi a masallaci ina yaron yake IT, sai ya ce, "Yana wani kamfanin lantarki."